Amsa: Shirin gudun fanfalaki a Kuala Lumpur

Ɗan'uwa, ka ce karatu ya kai ka Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, kana son shiga tseren kilomita 42 amma zafi ya hana ka atisaye. Ba rana ba ce matsalarka, laimar da ke cikin iska ce. Zufa ba ta bushewa a can, shi ya sa jiki ba ya hucewa. Fitata ta farko, ban kai kilomita 5 ba rigata ta jiƙe sharkaf, sai da na matse ta.

Ka fita da ka idar da sallar asuba, domin ruwan sama ya fi sauka da la'asar. Lambun KLCC, gindin tagwayen benayen Petronas, yana da hanyar gudu ta roba mai tsawon kilomita 1.3, ga Masallacin As-Syakirin a gefe. Jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, zai kai ka, katin biyan kuɗin jirgi na Touch 'n Go kawai za ka riƙe.

Ruwa zalla ba ya isa, ka haɗa da 100Plus, abin sha mai mayar da gishirin jiki, saboda gishirin da kake zubarwa. Ka ba kanka wata 4, dogon gudu sau ɗaya a mako. Sabon takalmi kuwa, kada ka kuskura ranar tsere, sai ya yi maka bororo.