Wace manhaja zan ɗora wa sabata? Amsoshi ga masu son riƙe shafukansu da hannunsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙananan manhajojin intanet guda uku da na rubuta, ɗaya daga ciki ta abokin ciniki ce. Tun da Heroku, kamfanin da ke ɗora wa mutane manhajoji a intanet, ya janye wurin kyauta nake ta yawo daga wannan kamfani zuwa wancan. Yanzu ina so in yi hayar sabar guda, wato kwamfutar da ke riƙe shafuka a intanet, in riƙa ɗora su da kaina. Wasu sun ce mini Kubernetes, wasu Coolify, wasu CapRover, wasu kuma Dokku. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kai kaɗai ba ne. Tun ranar 28 ga Nuwamba, 2022 da Heroku ya rufe tsarinsa na kyauta, masu ƙananan ayyuka da yawa ke neman wurin zama.

Fara da ajiye Kubernetes gefe. Google ne ya fito da shi a 2014 don kula da tarin injuna masu aiki tare. Ko k3s, ƙaramin nau'insa da kamfanin Rancher ya saki a 2019, sai ka koyi abubuwa birjik kafin shafinka na farko ya buɗe. Manhaja uku a kan inji ɗaya, ai hayar tirela ce don kai buhu guda.

Sauran ukun aikinsu ɗaya: su karɓi abin da ka rubuta, su naɗe shi cikin kwantenar Docker (ƙunshin da ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki), su kunna ta, su haɗa ta da adireshin shafinka, su karɓo mata satifiket ɗin tsaro daga Let's Encrypt, hukumar da ke bayar da shi kyauta. Bambancin yana wajen nauyi da yadda ake sarrafa su.

Dokku shi ne dattijon cikinsu, Jeff Lindsay ya fara shi a 2013, kuma da gangan aka yi shi ya yi kama da Heroku. Ka rubuta `dokku apps:create` da sunan manhajar, sannan daga kwamfutarka ka tura `git push dokku main`, sai ka ga layuka na gudu a allo, yana ginawa, yana gwada ko sabuwar kwantenar ta tashi lafiya, sai ta tashi ne yake juyar da baƙi zuwa gare ta. Sigarsa ta kyauta ba ta da shafin dannawa, komai da umarni ake yi. Wannan na tsorata wasu, amma shi ya sa kusan duk ƙarfin injin manhajojinka ne ke morarsa.

CapRover yana tafiya ne a kan Docker Swarm, tsarin Docker na kula da kwantenoni, yana da shafin sarrafawa mai sauƙi da jerin manhajojin da dannawa ɗaya ke girka su. Idan shi ka ɗauka, don Allah ka sauya kalmar sirrin farko nan take. Ita ce `captain42`, kuma duk mai neman ɓarna ya san ta. Coolify kuwa ya fi su kayan aiki da kyan fuska, sai dai shi kansa kwantenoni ne da dama, har da rumbun bayanansa na Postgres da Redis, shi ya sa masu shi ke neman aƙalla RAM, wato ma'adanar aiki ta inji, mai GB 2 kafin ma ka ɗora naka.

Tunda daga Heroku ka fito kuma kai kaɗai ne ke aikin, ni Dokku zan ce ka ɗauka. Idan akwai abokan aiki da ba sa son baƙin allo, to CapRover.

Tambaya: Malam, sabar mai GB 1 za ta isa, ko sai na ƙara kuɗi na ɗauki mai GB 2?

Amsa: Abin da ke kayar da ƙaramar sabar galibi ba kunna manhaja ba ne, ginata ne. Manhajar da aka rubuta da Node za ta iya zama lafiya lau da ɗan ƙaramin RAM, amma lokacin gini ta haɗiye komai. Idan RAM ta ƙare, Linux yakan zaɓi wani aiki ya kashe, kuma ba mamaki rumbun bayananka ya zaɓa. Magani biyu ne: ka ware wani ɓangare na faifai ya zama swap, wato ya riƙa tallafa wa RAM idan ta cika, ko ka gina kwantenar a wani wuri, kamar GitHub Actions, sabar ta ɗauko ta a shirye. In ka yi haka, GB 1 na iya riƙe Dokku da ƙananan manhajoji. In kuma Coolify kake so, kada ka yi ƙasa da GB 2.

Ka kuma sa ido a kan faifai. Tsofaffin hotunan kwantena (images, fayilolin da ake kunna kwantena daga gare su) na taruwa, kuma Docker ba ya iyakance girman rahotannin aiki sai ka gaya masa. Duba da `docker system df` lokaci zuwa lokaci.

Tambaya: Ni ma na ɗora shafina da rumbun bayanansa a sabar guda, komai na tafiya daidai. Na kunna katangar tsaro ta UFW. Akwai sauran abin da ya rage?

Amsa: 'Yar'uwa, akwai, kuma wannan tambayar ta fi duk na sama muhimmanci a wurina.

Na farko, UFW ba ta tsare ƙofofin (ports, lambobin da baƙi ke shiga sabar ta cikinsu) da Docker ya buɗe. Docker na rubuta nasa dokokin kai tsaye a iptables, tsarin Linux na tace masu shiga da fita, baƙo ya wuce ta nan ba tare da ya bi ta dokokinki ba. Ma'ana, idan kin buɗe ƙofa ta 5432 don Postgres, duniya na ganinta ko da UFW na cewa a rufe take. Akwai injunan da dare da rana aikinsu ke nan, lalube intanet suna ƙwanƙwasa irin waɗannan ƙofofi. Kada ki fitar da ƙofar rumbun waje sam, ki bar shi ya yi magana da manhajar ta hanyar cikin gida ta Docker. Idan dole ne, ki ɗaure ta ga 127.0.0.1. Ƙofofin da ya kamata a gani daga waje su ne 80 da 443 na shafin, da ta SSH da kike shiga sabar da ita daga nesa, ita ma SSH da mabuɗi, ba kalmar sirri ba. Ki gwada daga wata kwamfutar daban, kada ki dogara da abin da sabar ke faɗa a kan kanta.

Na biyu, kwafin ajiya. Kwantena za ki iya sake gina ta cikin mintuna, amma bayanan mutanen da suka amince miki in sun tafi sun tafi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin hayar sabar OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, kuma akwai waɗanda kwafinsu ma a wurin yake, suka rasa uwa da 'ya. Don haka ki sa `pg_dump`, umarnin kwafe rumbun Postgres, ya riƙa fitar da kwafi kullum, ya tura shi wani kamfani dabam. Sannan ki ware rana ki ɗauko kwafin, ki zuba shi a sabon rumbu, ki ga da idonki cewa bayanan sun dawo. Mutane da yawa sai ranar da abu ya lalace suke gano fayil ɗin fanko ne.

Na uku, yanzu sabunta Linux da Docker a wuyanki yake. Kunna unattended-upgrades, mai girka sabuntawar tsaro da kansa, idan Ubuntu ko Debian kike amfani da shi. Satifiket ɗin Let's Encrypt ma wa'adinsa gajere ne, ki tabbatar sabuntawarsa na tafiya da kanta.

Tambaya: Ina da tsohuwar kwamfuta da Raspberry Pi a gida. Me zai hana in yi amfani da su in huta da haya?

Amsa: Don koyo, bismillah, babu makarantar da ta fi wannan. Ka dai sani Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan, na amfani da ƙwaƙwalwar inji nau'in ARM ne, ba kowace kwantena aka gina masa ba. Kuma kamfanonin intanet da yawa na haɗa gidaje barkatai a adireshi ɗaya, ta yadda baƙo daga waje ba zai iso gare ka ba sai ta irin su Cloudflare Tunnel, mai buɗa hanya daga intanet zuwa injinka. Amma aikin abokin ciniki kam, ka kai shi sabar haya, inda wuta da intanet ba su rataya a kan ɗakinka ba.