Aika buƙatar PUT ko DELETE da urllib a Python

Malam, ka tambaya ko Python na iya aika wa sabar yanar gizo buƙatar PUT (sabunta abu) ko DELETE (goge abu) ba tare da sauke wani ƙarin kunshi ba. Yana iyawa, domin urllib.request da ke zuwa tare da shi ya wadatar. Idan ba ka fayyace irin buƙatar ba, GET (neman bayani) yake aikawa, amma da zarar ka haɗa bayanai sai ya koma POST (miƙa bayani). Tun daga Python 3.3 za ka iya rubuta Request(url, data=bayanai, method="PUT") ka miƙa wa urlopen, wanda shi ne ke aika buƙatar. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne bayanan, waɗanda dole su kasance bytes (wato rubutun da aka mayar da shi baiti, ba rubutu kai tsaye ba), kuma idan a tsarin rubuta bayanai na JSON suke, ka sanya Content-Type, wanda ke gaya wa sabar irin bayanan, ya zama application/json da hannunka, in ba haka ba sabar za ta ɗauke su a matsayin fom.