Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: “Ai ni turawa kawai na yi”

Tambaya: Malam, na tura wa abokina linkin wani rubutu daga zauren masoya Kano Pillars a Facebook, ya ce ya ƙi buɗewa. Wayata ce ko tasa? Daga Fagge.

Amsa: Duk wayoyin lafiyarsu ƙalau. Zauren na sirri ne, sai ɗan ciki yake ganin abin da aka wallafa. Ya nemi shiga, ya jira admin. Kada dai ka garzaya Farm Centre neman mai gyara.

Tambaya: A zaurenmu na WhatsApp na makaranta littattafan Hausa, wata ta soki littafin wata marubuciya. Na ɗauki sikirinshot na sa a shafina na Facebook don a tattauna. Masoyan marubuciyar suka yi wa mai sukar caa, har kiranta ake ana zaginta. Admin ta cire ni. Ina laifina, tunda da hannunta ta rubuta? Daga Zariya.

Amsa: Malama, wannan “da hannunta ta rubuta” ita ce kalmar da ta fi ƙona min rai a harkar nan. Eh, ta rubuta, amma wa ta rubuta wa? Mutanen da suka san ta, suka san salon barkwancinta, suka ga hirar da ta gabata. Ke kuma kika yanko layi uku kika kai wa mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Zancen da aka yi a tsakar gida kika ɗora a lasifikar kasuwa.

Koma ki duba hoton. In ba ki adana lambarta ba, WhatsApp yana nuna lambar ɓaro-ɓaro a saman saƙonta. Mai son fitina zai zuba ta a Truecaller, manhajar gano mai lamba, sau da yawa suna ya fito, daga nan kuma sai Facebook ɗinta. Ga inda masu kiran suka samo ta. Ke kika ba su.

Shi ya sa kullum nake fifita linki a kan sikirinshot, in rubutun a fili yake. Linki yana barin iko a hannun mai magana: ta goge, ya mutu, ta kulle shafinta, baƙo ya tsaya a waje. Hoto kuwa ya fita ke nan, yana cikin wayoyin da ba ki san adadinsu ba. Ko linkin ma a yi hattara. Mai mabiya dubu hamsin a X da ya ɗauko rubutun yarinya mai mabiya tamanin ya ɗora nasa sharhin a kai, ya san sarai abin da yaransa za su yi mata.

Yanzu ki goge, ki bi waɗanda kika san sun sake yaɗawa ki roƙe su, sannan ki ba ta haƙuri ta akwatin sirri, ba tare da “amma” ba. Gaba, ki nemi izini tukuna. In ta amince, yanke suna, lamba da hoton fuska gaba ɗaya. Ban ce ki shafa musu alƙalamin nan mai shara-shara ba, don ana ƙara hasken hoton rubutun yake bayyana. Ki kuma tuna da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. Da shi ake maka mutane a kotu kan abin da suka yaɗa. Admin ɗinku ta yi daidai, ki gaishe min da ita.

Tambaya: Na tura linkin bidiyon wata jarumar Kannywood daga TikTok zuwa zauren ’yan ajinmu, sai ga su sun gano shafina da nake ɓoyewa. Ta yaya? Daga Maraɗi.

Amsa: Alhaji, ashe kai ne mai zuba wa jaruman nan zuciyoyi tsakar dare! Gajeren linkin da manhajar ke bayarwa yana ɗauke da shaidar wanda ya tura. Buɗe shi a Chrome, kwafi dogon adireshin da ya fito, goge alamar tambaya da duk abin da ya biyo bayanta, sannan ka tura. Haka za ka yi wa na Instagram. Na YouTube kuwa, a gajeren linkin youtu.be za ka goge alamar tambayar da abin da ya biyo bayanta, don in ka yi wa dogon haka ba zai buɗe bidiyon ba. Ni ba na tura linki da jelarsa.