Tambaya da Amsa: Waya a kan iyaka za ta tsare mu?

Tambaya: Salamu alaikum Baba. Ni manomi ne a karkarar Madarunfa, a Nijar kusa da iyakar Najeriya. Bana rabin gonarmu ta gero ba mu taɓa ta ba, don tsoron masu satar mutane. A fada wani ya ce Faransa ta taɓa killace iyakar Aljeriya da waya, ta tara ƙauyuka wuri guda. Me zai hana a yi mana haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yaye mana wannan masifa. Abokinka bai yi ƙarya ba. A yaƙin neman ƴancin Aljeriya na 1954 zuwa 1962, Faransa ta ja Layin Morice a 1957 a iyakar Aljeriya da Tunisiya: waya mai lantarki, nakiyoyi a binne, soja na sintiri dare da rana. Shigar makamai ta ragu sosai. Ta kuma tayar da mutanen karkara wajen miliyan 2, ta zuba su a sansanoni.

To, waɗannan mutane manoma ne da makiyaya irinka. An raba su da gona da rumbu, dabbobi suka ƙare, yunwa ta kama yara. Wanda da ba ruwansa da FLN, ƙungiyar mayaƙan neman ƴancin Aljeriya, sai ya wayi gari zuciyarsa tana wurinta. Faransa ta fi ƙarfi a daji, amma a Maris 1962 ta sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta a garin Evian, a Yuli Aljeriya ta samu ƴanci. Nakiyoyin kuwa sun yi ta cin ƙafafun makiyaya shekara da shekaru, taswirarsu ma sai 2007 Faransa ta miƙa wa Aljeriya.

Ban haɗa FLN da ɓarayin daji ba. Su ƙasarsu suke nema, waɗannan kuwa shanu da kuɗin fansa. Amma dubi tamu iyakar. Tsakanin Ɗan Isa ta Nijar da Jibiya ta Najeriya dangi ɗaya ne, wayar tsakanin mutum da surukinsa za ta bi. A Satumba 2021 Zamfara ta katse layin salula, ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka. Talaka ya ji jiki, ƴan bindiga kuma har yau suna nan.

Ni abin da zan roƙa daban ne: soja kusa da gonaki lokacin shuka da girbi, lambar da za a kira tsakar dare a ɗauka, sintiri tare da ɓangaren Katsina wajen dajin Baban Rafi, kuma a rufa wa mai kawo labari asiri, don shi ake fara yankawa. Ku haɗu da mai gari ku kai wannan koke gaban hukuma tun kafin ruwan shuka ya sauka.