Tangaran na gwanjo: tambarin gindin faranti bai isa hujja ba

Wata Hajiya mai sayar da kayan kicin na gwanjo a Kasuwar Wunti, Bauchi, ta aiko da tambaya. Ta sayi kwalin faɗi-ka-mutu, ta tarar da farantai shida da butar shayi masu tambarin kambun sarauta a gindinsu. Wani ya ce mata kayan tarihi ne, wani kuma ya taya su da araha yana ta gaggawa. Ta sayar ko ta riƙe?

Hajiya, kada ki sayar wa mai gaggawa, amma kada ki ɗora buri a kan kambun nan. Masana'antu da dama, manya da ƙanana, sun yi amfani da shi, kuma buga tambari ba wuya.

Ki fara karanta rubutun da ke tare da tambarin. Daga 1891 dokar Amurka ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata, shi ya sa farantin da ke ɗauke da "England" yawanci bayan shekarar aka yi shi, "Made in England" kuwa na ƙarni na 20 ne. "Nippon" kayan Japan ne na 1891 zuwa 1921. "West Germany" ba ya wuce 1949 zuwa 1990. In kuma an rubuta cewa ana iya sa shi a injin wanke kwanuka ko na ɗumama abinci, to ɗan zamani ne, komai kyansa. Tambarin sarakunan Sin ma kada ya ruɗe ki. An daɗe ana kwaikwayonsa a kan sabbin kaya.

Daga nan sai hannu da kunne. Ki ɗora farantin a kan yatsu, ki ƙwanƙwasa bakinsa da cokali. Lafiyayyen tangaran yana amsawa kamar ƙararrawa, mai tsaga a ɓoye kuwa sautinsa a dishe yake. Ki haska fitilar waya ta bayansa: mai kyau da ake haɗawa da tokar ƙashi yana barin haske ya ratsa. Ki bi baki da mariƙin butar da yatsa ki ji ko an liƙe. Wannan shi na fi so ki kula da shi, domin tsaga ɗaya tana zubar da mafi yawan kuɗin kaya, ko da na Wedgwood ne, shahararren kamfanin tangaran na Ingila.

Batun kuɗi, ki ɗauki hoton tambarin ki nema da Google Lens, manhajar neman abu da hoto, sannan ki duba eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, a sashen abin da aka riga aka sayar. Farashin da mai kaya ya yanka ba shi ne abin da aka biya ba. Ki cire kuɗin aikawa waje daga Bauchi da haɗarin fashewa a hanya. Sau da yawa za ki ga ribar tana nan gida, wajen iyayen amare masu neman cikakken saiti na jere. Don haka kada ki raba shidan nan da butarsu. A haɗe suka fi daraja. Mai zanen launi a saman ƙyalli da ya fara goguwa, ki ce wa mai saye na ado ne, saboda wasu tsofaffin fentin suna da dalma.

Wani abu da nake takaicin yadda muke raina shi: namu na gida. Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane wadda hotonta ke bayan naira 20, ta yi aiki tun 1954 a cibiyar tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Kayanta suna ɗauke da haruffan LK da hatimin Abuja mai rubutun Larabci, kuma a gidajen gwanjon Landan ana sayensu da dubban fam. In irin wannan ya faɗo hannunki, ki naɗe shi a zane, ki nuna wa ma'aikatan gidan adana kayan tarihi kafin ki saurari tayin kowa.