Malam, sigari haramun ce ko makaruhi ce kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni direban tirela ne, daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas muke ɗauko kaya, wani lokaci sai mu kwana uku huɗu a layi ba mu shiga ba, ga sauro ga zafi ga tunanin iyali, toh sigari ce ke ɗebe min kewa kuma ita ke kore min barci in na kama hanyar Arewa da dare. Kwali ɗaya nake sha a rana. Wani abokina yace makaruhi ce kawai tunda babu ayar da ta ambace ta. Meye gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa Allah ya saka maka da ka tambaya, ya kuma tsare ku a hanya.

Maganar abokinka tana da tushe amma ya tsaya a rabin hanya. Taba bata zamanin Annabi (SAW), daga nahiyar Amurka ta fito, sai wajen shekarar 1600 ta bazu a ƙasashen Musulmi, shi yasa malaman wancan lokacin suka yi saɓani, har babban malamin Malikiyya Ahmad Baba na Timbuktu ya halatta ta, wasu suka karhanta wasu suka haramta. Amma waɗanda suka sassauta sun gina hukuncinsu ne akan cewa cutarwarta bata tabbata ba, kuma yau ta tabbata, babu likitan da ke musun haka. Hukumar lafiya ta duniya tace taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga ciki ko kara ɗaya basu taɓa kunnawa ba, hayaƙin wani suka shaƙa. A cikin hayaƙin nan akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji, banda ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da lalacewar huhu.

Don haka abinda nake tafiya akai shine haramun ce, kamar yadda Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin suka yi fatawa, kuma malaman Tijjaniyya ma tun can sun hana ta. Allah yace kada ku jefa kanku cikin halaka (Baƙara 195), ya siffanta Manzonsa da cewa yana halatta abubuwa masu daɗi yana haramta munana (A'arafi 157), sannan ga hadisin la darara wala dirar, babu cuta babu cutarwa. Kai da kanka ka taɓa yin bismillah kafin ka kunna? Ga kuma almubazzaranci, lissafa kuɗin kwali 30 a wata ka gani mudu nawa na shinkafa ne a gidanka.

Yanzu bari in zo kan abinda yafi damuna, wato cewa tana ɗebe maka kewa. Na yarda kana jin haka, ba ƙarya kake ba. Sinadarin nikotin da ke cikinta cikin 'yan daƙiƙu yake isa ƙwaƙwalwa, sai kaji wani sanyi, amma bayan ɗan lokaci in ya ragu a jini sai ƙunci da saurin fushi su taso, ka sake kunnawa kaji sauƙi, kaga ita ce ta haifar da ƙuncin kuma ita kake biya ta cire maka shi. Mafi yawan masu sha tun suna samari suka fara don kar abokai su raina su, daga nan ta riƙe su. Akwai wani dattijo da muke sallah tare anan Agege, tsohon direba ne kamar kai, matakala uku ce a ƙofar masallacin amma sai ya dafa bango ya huta yana haki kafin ya shiga, wallahi duk sanda na ganshi sai raina ya sosu.

Barci kuwa maganinsa barci, sigari tana ɗan farkar da kai ne na mintuna sannan gajiyar ta dawo, in ya kama ka samu waje ka faka ka kwanta, rayukan mutane ne akan titin nan. Kuma ka tuna da yaron motarka da ke shaƙar hayaƙin a cikin kan mota gilashi a rufe, wannan haƙƙin wani ne, ko hukuma ma jihar Legas ta hana shan taba a wuraren jama'a tun 2014.

Ka sa rana ka daina gaba ɗaya, ka faɗa wa abokan layi kar su miƙo maka. Satin farko shine mai wuya, ka riƙe asuwaki da ruwa kusa, in abin yafi ƙarfinka kaje asibiti akwai cingam da filastar nikotin da likita zai iya rubuta maka, amfani da su don dainawa ya halatta. Kana iya haƙura da ita tun asuba har magariba a watan azumi, toh daga nan zaka ɗora. In ka zame ka sha, yi istigfari ka sake ɗaura niyya a ranar. Wallahu a'alam.