Tambayoyinku: Black Hawk Down, ina gaskiya ta tsaya ina kuma fim ya ɗora?

Assalamu alaikum. Tun da na taɓo fim ɗin nan Black Hawk Down a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, to na tsinto guda biyar. Ga wanda bai kalla ba, fim ne na darakta Ridley Scott da ya fito ƙarshen 2001, kan faɗan da aka gwabza a Mogadishu, babban birnin Somaliya, ranar 3 zuwa 4 ga Oktoba 1993, lokacin da sojojin Amurka wajen 160 suka dira tsakiyar gari da rana tsaka don kamo wasu manyan yaran Janar Mohamed Farah Aidid, madugun 'yan bindiga a yaƙin basasar ƙasar, aikin da aka tsara ba zai wuce awa ɗaya ba sai ga shi an kwana ana wuta.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Gusau: Malam dan Allah ka raba mana gardama, a majalisarmu akwai wanda ya rantse wai ƙarya ne a ce RPG, wato rokar nan ta kafaɗa, ta kakkaɓo helikwafta irin Black Hawk, wai jirgin Amurka ya fi ƙarfin makamin da mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa, wai dai an sa ne don fim ya yi daɗi.

Amsa: Ɗan'uwa ka gaya wa abokinka ya yi kaffara, don wannan kam haka ta faru, kuma jirage biyu ne suka faɗo cikin gari. Na farko mai laƙabin Super 61 wanda Cliff Wolcott ke tuƙawa, wajen ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, na biyu Super 64 na Mike Durant bayan kamar minti ashirin, har akwai wasu ma da aka samu suka lallaɓa da kyar suka sauka nesa da fagen daga. Inda abokinka ya ɗan kama gaskiya shi ne RPG ba don jirgi aka ƙera ta ba, ta fasa tanka da mota mai sulke ce, ba ta bin zafi ba ta bin komai, inda ka saita nan za ta tafi. To amma helikwafta tana da lagonta, wato ƙaramar farfelar nan ta wutsiya, ita ke hana jikin jirgin ya bi juyawar babbar farfela, da zarar an illata ta sai ka ga jirgi ya kama wulwulawa matuƙi ba shi da ta cewa. Kuma ka tuna jiragen nan ƙasa ƙasa suke shawagi a saman rufin gidaje suna zagaye wuri ɗaya don su kare na ƙasa, mutane kuma suna ta harbawa ba ɗaya ba ba goma ba, ai ko makaho ne yau da gobe sai ya dace. Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne an riga an yi musu gargaɗi a aikace, don ranar 25 ga Satumba, kwana takwas kacal kafin nan, an harbo wata Black Hawk a Mogadishu da RPG sojoji uku suka mutu.

Tambaya daga wani dattijo tsohon soja a Kaduna: Ɗana, ni na yi aikin soja shekaru, abin da ban yarda da shi ba shi ne wurin da yara ke ajiye gorar ruwa da tabaran gani da dare, wani har ya cire farantin baya na rigar sulke wai yanzu za su dawo. Wane kwamanda ne zai bari? Sannan sunaye ɓaro ɓaro a kan hular kwano, a ina ake haka?

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya, idonka idon mai sana'a ne. Maganar sunaye a hula kana da gaskiya, ba haka suka fita ba, dabarar darakta ce saboda duk samari ne da aski iri ɗaya da kaki iri ɗaya, in ƙura ta tashi mai kallo ba zai gane wane ne wane ba. Amma maganar ruwa da tabaran dare, Baba wallahi ta faru, ɗan jarida Mark Bowden wanda littafinsa na 1999 aka ɗora fim ɗin a kai ya ji ta daga bakin sojojin da kansu. Sun riga sun fita irin wannan samame sau shida a baya suna dawowa da wuri, sai sabo ya shiga, ga zafin Mogadishu ga nauyin kaya, kowa na neman ya rage ya ƙara harsashi. Dare ya same su a lungu babu ruwa, da yawansu kuma babu abin gani a duhu wanda da shi ne babban fifikonsu a kan 'yan gari. Kai da ka san aikin ka fi ni sanin yadda "yanzu za mu dawo" take cin mutane. A ɓangaren kayan aiki da motsin soja fim ɗin ya yi ƙoƙari sosai, tunda jirage na gaske aka kawo da matuƙan rundunar da ta yi yaƙin, kuma sojojin Ranger na gaske ne, wato zaratan sojojin Amurka irin waɗanda suka yi samamen, suka sulalo ta igiya daga jirgi a wurin saukar nan.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Damagaram: Malam ni na zauna da Somaliyawa a Makka lokacin aikin hajji, kuma mutanen da na gani a fim ɗin nan ba su yi min kama da su ba ko kaɗan, har maganar. Kuma abin da ya tsaya min a rai, me ya sa gari guda maza da mata har yara suka taso wa mutanen da aka ce abinci suka kawo musu? Fim ɗin bai gaya min ba.

Amsa: Hajiya tambayarki ita ce ta fi taɓa ni a duk cikinsu. Idonki bai yaudare ki ba, a Maroko aka ɗauki fim ɗin, wajajen Rabat da Sale, kuma ba Somaliyawa ba ne suka fito a matsayin Somaliyawa, an dai tara baƙaƙen fata daga nan da can an ba su bindiga, kamar duk baƙi ɗaya ne. Har kiɗan ma in kin kasa kunne za ki ji muryar Baaba Maal na Senegal, wanda duk mai jin Fillanci zai gane daga yammacin Afirka wannan murya ta fito, da kuma Rachid Taha ɗan Aljeriya. Kiɗan da daɗi, ban musa ba, amma muryoyin nan biyu ba na Somaliya ba ne.

Sai babbar maganar. Fim ɗin ya buɗe da yunwa da rubutun cewa mutum 300,000 sun mutu, ya nuna yaran Aidid suna ƙwace abincin agaji, kuma an yi yunwar an yi ƙwacen, Aidid ba waliyyi ba ne, a watan Yuni na 1993, ranar 5, an kashe sojojin Pakistan 24 na Majalisar Ɗinkin Duniya aka ɗora masa laifin, daga nan aka sa ladan dala 25,000 a kansa. To amma akwai ranar da fim ɗin ya tsallake gaba ɗaya, 12 ga Yuli 1993. A ranar jiragen Amurka suka yi ruwan makamai masu linzami kan wani gida da ake kira gidan Abdi, inda dattawa da manyan dangin Aidid, wato Habar Gidir, suke taro, kuma waɗanda suka tsira sun ce maganar sulhu ake yi a ciki. Ƙungiyar Red Cross ta ƙirga gawa 54, mutanen Aidid suka ce sun fi haka. Fushin ranar har ya sa jama'a suka far wa 'yan jarida huɗu da suka zo ɗaukar hoto suka kashe su. Yanzu Hajiya ki ɗauka a garinku ne, an kashe dattawan unguwa a zaure ɗaya, sannan wata da watanni jirage suna bi ta saman gidaje iskarsu tana yaye kwanon rufi, ranar da ɗaya ya faɗo a lungunku wa zai zauna a ɗaki? Da yawa daga waɗanda suka fito ranar ba sojan kowa ba ne, 'yan unguwa ne, wasu ma ba sa son Aidid ɗin.

Shi ya sa duk lokacin da na kalla raina yake ɓaci a daidai wurin nan. Sojan Amurka in ya faɗi sai kiɗa ya sauya, mu san sunansa mu ji saƙonsa ga iyayensa, kamar yaron nan Jamie Smith da jini ya ƙare masa ana ji ana gani, kuma wallahi wurin yana sa ni hawaye don ran ɗan adam ne. Amma Basomale sai dai ya ɓullo ta kwana ya faɗi a wuce. A ƙarshe an jero sunayen Amurkawa 19 ɗaya bayan ɗaya, 18 a faɗan, ɗaya kuma bayan kwana biyu, Somaliyawa kuwa layi guda ne, sama da dubu, ƙiyasin ma ya bambanta daga 'yan ɗaruruwa zuwa sama da dubun, kuma cikinsu akwai mata da yara da harsashi ya tarar har cikin gida. Su can sunan da suka sa wa ranar Maalintii Rangers, ranar 'yan Ranger. In kina son jin bakinsu, akwai shirin gaskiya da Netflix ta fitar a 2025 mai suna Surviving Black Hawk Down, a ciki an zauna da Somaliyawan da suka ga abin.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Yaron da ya faɗo daga jirgi, RPG ce ta jawo? Hoot ɗin nan akwai shi da gaske? Kuma maharban nan biyu da suka sauka wajen Durant ba ƙari ba ne?

Amsa: Faɗowar Todd Blackburn gaskiya ce, daga sama kamar ƙafa 70, kuma ya rayu, amma kaucewa roka da jirgin ya yi ƙarin masu fim ne, igiyar ce dai ta kuɓuce masa. Hoot da Eric Bana ya fito haɗe haɗe ne na mutane da dama aka dunƙule a mutum ɗaya. Su kuwa Gary Gordon da Randy Shughart babu ƙari, su suka roƙa da bakinsu a sauke su ana hana su sai a karo na uku aka yarda, sun san babu mai zuwa da wuri, suka ja Durant daga jirgi suka tsaya har aka kashe su, shi Durant aka kama shi da rai, su kuma aka ba su Medal of Honor, lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, bayan mutuwa, na farko tun yaƙin Vietnam.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Kumasi: Na ji an ce har da sojojin Najeriya a Somaliya lokacin, me ya sa ban gansu ba? Kuma gudun nan na ƙarshe har filin wasa da ƙafa, anya?

Amsa: Gudun an yi shi, motoci sun cika wasu suka bi da ƙafa ana harbinsu, sai dai ba har filin wasa suka kai a guje ba kamar yadda aka nuna, wani wurin haɗuwa suka kai aka kwashe su a mota. Abin da aka rage wanda ya fi wannan nauyi shi ne su wa suka zo ceton. Amurkawan ba su da tanka ko ɗaya a garin, an nema sakataren tsaronsu Les Aspin bai bayar ba, wanda yana cikin abin da ya ci kujerarsa a ƙarshen shekarar. Tankokin da suka shiga cikin dare na Pakistan ne, motoci masu sulke kuma na Malesiya ne da direbobinsu, tare da rundunar Amurka ta 10th Mountain, kuma an kashe sojan Malesiya ɗaya mai suna Mat Aznan Awang a hanyar. A fim sai ka ga kamar 'yan rakiya ne masu jan ƙafa, abin ya yi wa ƙasashen biyu ciwo, tsohon shugaban Pakistan Pervez Musharraf ya yi ƙorafi a kai, 'yan Malesiya kuma sai da suka yi nasu fim ɗin, Malbatt, a 2023.

Sojojin Najeriya suna cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mogadishu, ba su cikin samamen ranar shi ya sa ba ka gansu ba, amma sun zubar da jini a garin tun kafin nan, ranar 5 ga Satumba 1993 aka yi musu kwanton ɓauna aka kashe bakwai aka kama ɗaya da rai. Fim ɗin ya rubuta a ƙarshe cewa an saki Durant bayan kwana 11, wato 14 ga Oktoba. A ranar nan mutum biyu Aidid ya saki, na biyun shi ne sojan nan na Najeriya, wanda ya riga Durant shiga hannu da kusan wata guda.

Masu tambaya kan fina-finan jirgin ruwa mai nutso ku yi haƙuri, naku na fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.